Kwalabe Goma Sha Biyu Masu Jan Zare

Hasiya matar marigayi Haladu ba ta da kara, kuma ba ta taɓa wahalar da kanta wajen ɓoyewa ba. Duk unguwar Gangare an san ta da haka. In zanenki bai karɓe ki ba, a tsakiyar gidan suna za ta faɗa miki. In miyarki ta yi gishiri, za ta ture kwanon ta ce ta yi gishiri. Amma abin da ya fi ƙona wa mutane rai shi ne sallama. Muddin akwai kwalba a buɗe a gabanta, ko liman ne ya yi sallama ba za ta amsa ba. Sai ta rufe ta ƙarshe, ta sauke ƙyallen da ta ɗaure baki da hanci, sannan ta amsa, ko da mai sallamar ya yi fushi ya kai bakin titi.

A ɗakin shan magani na wani kamfanin kuza ta koyo wannan hali, can wajen Bukuru. Shekara goma sha ɗaya tana wanke kwalaben magani a ƙarƙashin wani disfensa, mai ba da magani, mai suna Sylvanus. Shi ya koya mata dafa kwalba, da cirowa da awartaki, da ɗurawa, da rufewa ba tare da yatsa ya taɓa bakin ba. A can ta ga wani lebura da aka bai wa maganin ciwon ido a kwalbar da wani ya hura wa iska da baki don ya fitar da tururuwa. Cikin mako ɗaya idon ya yi ruwa, bai ƙara gani da shi ba. Sylvanus ya ce wataƙila kwalbar ce, wataƙila ba ita ba ce. Hasiya ba ta manta da wannan "wataƙila" ba.

Da kuza ta fara ja da baya aka rufe ɗakin maganin. Bayan shekara guda Haladu, wanda direban babbar mota ne, ya rasu. Ta ci gaba da zama da 'yarta Rabi a ɗakinta a gidan gadonsu, ƙarƙashin yayansa Malam Shu'aibu. Malam Shu'aibu tela ne, a zauren gidan yake ɗinki, kuma mutum ne da unguwa ke ganin girmansa. In yaro ya kwana da zazzaɓi, wurinsa ake kai shi ya yi masa tofi, ba ya karɓar ko sisi.

Sana'ar tumatir ta faro ne a ranin 1976. Wani manomi mai suna Dung, mai lambu a bakin tsohon tafkin kuza, ya wuce ta ƙofar gida da kwanduna uku da ya rasa mai saye, yana neman inda zai zubar. Hasiya ta dubi tumatirin. Ta san in damina ta faɗi, wannan da ake zubarwa sai mai hali zai sa shi a miya. Ta ce ya sauke. Ta samo rabin duro, ta tara kwalabe, ta je Titin Bauchi ta sayo ƙarfen danna murfi da sababbin murafu, ta kafa rumfa a bayan ɗakinta.

Aikinta hanya ɗaya gare shi, ba ta sauya shi don kowa. Ta wanke kwalabe da tsakuwa da sabulu, ta jera su a duro su tafasa sosai. Markaɗen tumatir yana wata tukunya yana tafarfasa har ya yi kauri. Murafu suna ƙaramar tukunya, su ma cikin tafasasshen ruwa. Ta ciro kwalabe goma sha biyu, ta ɗura da mazurari da zafinsa, ta danne murfi, ta kifa su a kan tsumma. Sai wasu goma sha biyun. Tsakanin ɗurawa da rufewa ba magana, ba tari, ba mai ƙetare bakin rumfa. Da damina ta yi, masu sayar da abinci suka yi ta layi. Babbar mai sayenta ita ce Chinyelu, mai gidan abinci a Abattoir, wajen mayanka, wadda mahauta ke cin tuwon shinkafarta.

A shekara ta biyu kwalabe bakwai suka fashe a ɗakin ajiya. Hasiya ta duba ta gano daga murafu ne, an haɗa mata da tsofaffi da aka miƙe. Ta koma Titin Bauchi ta wanke mai shagon tas. Amma faccalarta Balaraba, matar Malam Shu'aibu, ba ta yarda da zancen murafu ba.

"Baki ne," in ji ta. "Mace ita kaɗai, ba miji, tana ta fitar da akwatuna a idon jama'a? Baki ne ya kama ki, Maman Rabi."

"Bakin kwalba dai," in ji Hasiya. "Shi ne bai rufu ba."

Balaraba ta kai zancen wurin mijinta. Shi kuma, da zuciya ɗaya, ya ƙudura cewa ranar da za a fara aikin bana zai je ya yi wa matar ƙaninsa addu'ar tsari.

Ranar wata Asabar ce da hantsi, cikin ranin 1978. Hasiya ta gama ɗura jerin farko, ta juya baya tana tsamo murafu da matsami. Ta ji sallamar Malam Shu'aibu, ba ta amsa ba, don a zatonta zai tsaya a bakin rumfa kamar kowa. Da ta juyo sai ta gan shi a sunkuye kan kwalaben, yana karanta addu'a a hankali, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da tofi. Kafin ta ajiye matsamin ya kai ta goma sha biyu. Ya shafa fuska, ya miƙe yana murmushi.

Ta sauke ƙyallen bakinta, abin da ba a taɓa gani ta yi ba a tsakiyar aiki.

"Yaya, me ka yi mini?"

"Addu'a, Maman Rabi. Allah ya tsare miki dukiyarki daga bakin mutane."

"Amin. Addu'ar ta tafi inda ka aike ta. Yawun kuma yana cikin kwalabena."

Matan gidan da ke tsakar gida suka juyo. Wata baƙuwa da ta zo karɓar ɗinki ta dafe ƙirji. Murmushin Malam Shu'aibu ya ɗauke. Shekara talatin yana yi wa jarirai tofi a ka, ba a taɓa ce masa yawu ba.

"Sunan Allah na karanta," in ji shi. "Shi kike ƙyama?"

"Ban ƙyamaci sunan Allah ba, Yaya. Ko ni ce na yi atishawa a kansu, gefe zan ture su."

Ta kuwa ture su gefe, a gabansa.

Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce ta rufe su, ta zuba su cikin sauran, ta sayar kamar kowace kwalba. In ta ware su, ta nuna wa unguwa cewa bakinsa ƙazanta ne, to, duro da tukwane su bar masa gida. Hasiya ta rufe su, tunda ba ta son ɓarna. Sannan ta shiga zaure, ta yanko jan zare daga keken ɗinkinsa, ta ɗaura wa kowace a wuya.

Balaraba ce ta shiga tsakani, tunda ita ta jawo. Ta ce a ajiye kwalaben a zaure har damina. In sun lalace, Malam ya bar zancen. In ba su lalace ba, Hasiya ta ba da haƙuri, ta kwance zaren, ta sayar da su. Malam Shu'aibu ya ce ya yarda. Hasiya ta riga ta mayar da ƙyallenta, ta ɗura sabon jeri, ba ta ce komai ba. Suka ɗauki shirun a matsayin yarda.

Wata huɗu kwalaben suna kan kanta a zaure, saman keken ɗinki. Labari ya zaga Gangare. Masu kawo ɗinki sukan ɗaga su su duba a haske. Wasu mata suka daina gaida Hasiya, wasu suka ce boko ne ya ɓata ta, alhali ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba. Wata tsohuwa ta tare ta a bakin famfo ta ce, "Ke da kafirai suka raina a kamfani, ina kika san darajar tofi?" Hasiya ta ce, "Iya, bokitinki ya cika, yana zuba."

Cikin watan Yuni, bayan ruwa ya zauna, Balaraba ta sauko da kwalba ɗaya a gaban kowa. Ta buɗe. Ba kumfa, ba tsami, ba wari. Ja wur, kamar jiya aka ɗura. Ta buɗe ta biyu, haka. Ta yi miyar dage-dage da su, gida duka aka ci da rana. Yara suna dariya, Balaraba tana guɗa. Hasiya ma ta ci, har ta nemi ƙari, ta ce miyar ta yi daɗi amma man ya yi yawa.

Bayan la'asar Malam Shu'aibu ya sa aka kira ta zaure. Ta durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda ta saba. Ya nuna goman da suka rage.

"To, Maman Rabi. Kin gani da idonki, kin ci da bakinki."

"Na gani, Yaya. Ba su lalace ba."

"Sai ki kwance zaren."

"Ba zan kwance ba."

Balaraba, da ke laɓe a bayan labule, ta leƙo. "Ke wace irin mace ce? Ba ga shi an ci ba, kowa lafiya lau?"

"Mun ci mun san abin da ke ciki," in ji Hasiya. "Mahaucin da zai ci a wurin Chinyelu bai sani ba. Ni ban taɓa cewa lallai za su lalace ba. Cewa na yi ban sani ba. Waɗannan biyu sun yi kyau. Ta ukun fa? Abin da ban sani ba, ba na danna masa murfi in miƙa wa mutum in ce na tsaya masa. Ku cinye su a gida, na bar muku."

"Haƙurin fa?" in ji Malam Shu'aibu.

Hasiya ta ce, "Na faɗa maka magana a gaban mata da baƙuwa. Wannan bai kamata ba, ka yafe mini. Amma maganar kanta tana nan, ban janye ba."

Ya daɗe yana kallon keken ɗinkinsa. Da ta yi ƙarya kaɗan, ko ta kwance zaren ta je ta zubar a ɓoye, da zancen ya mutu a nan, kuma kowa a gidan ya san haka, har ita. Ya ce ɗakinta nata ne, gadon 'yarta Rabi ne, ba mai fitar da ita. Duro kuwa, ya riga ya furta, sai an fitar da shi.

Washegari da safe ta kira mai amalanke. Aka ɗora duro da tukwane da ƙarfen danna murfi, ta bi bayansu a ƙafa, ba ta bi ta lungu ba, ta tsakiyar unguwa ta bi.

Chinyelu ta ga kaya a ƙofarta ta riƙe ƙugu, ta yi magana da 'yar Hausarta da ba ta bambance mace da namiji. "Hasiya, wane ne ya kore ka?"

"Ba wanda ya kore ni. Durona aka kora."

"To kawo duro naka bayan gida. Amma ƙuda na Abattoir ba ya jin Hausa fa, ba za ka yi masa faɗa ya gudu ba."

Gaskiya ta faɗa. Ƙudan wurin ya fi na ko'ina. Hasiya ta shafe sauran daminar tana haɗa ɗan ɗaki na katako, ta sa aka buga masa ragar waya ta kowane gefe, da ƙofa biyu, ɗaya bayan ɗaya. Mahauta suka sa masa suna asibiti. Ranar da wani ya turo kai yana tambayar ko likita na nan, ta nuna masa awartaki mai zafi, bai sake ba.

Wahalar ta ƙaru, ba ta ragu ba. Kullum sai ta shiga mota da asuba ta dawo da yamma, ga itace ya fi tsada a can, ga Dung yana ƙorafin nisa. Ba ta taɓa roƙon a mayar da ita ba, Malam Shu'aibu ma bai taɓa cewa ta dawo ba. Kowace safiya takan durƙusa a bakin zaure ta gaishe shi, ya amsa, ta wuce. Goman nan masu jan zare, Balaraba ta yi ta miya da su har suka ƙare.

Da ranin 1979 ya kama, Hasiya ta yi ɗurin farko a ɗakin ragarta. Da kwalaben suka huce, ta jera goma sha biyu a akwati, ta ɗauko a ka tun daga tasha har Gangare. Malam Shu'aibu yana zaure da abokan hirarsa uku, dattawan unguwa. Ta yi sallama, ta sauke akwatin a gabansu, ta durƙusa. Kowace kwalba da murfinta a danne, ba zare a wuyan ko ɗaya.

"Yaya," in ji ta, "ga na farkon bana. Na rufe su da hannuna. A yi musu addu'a, a tofa yadda ake so, har da su Baba duka. Murfi ba ya tare addu'a. Abu ɗaya nake roƙo, a faɗa wa mutanen unguwa: duk wanda ya zo ya tarar da kwalbata a buɗe, ya tsaya a bakin ƙofa, ya riƙe sallamarsa da addu'arsa har in rufe."