Tubalin da Baba Ya Bari

Har yau in hadari ya haɗo daga gabas, iskar nan mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fara kaɗawa, kowa murna yake yi, ni kuwa gabana ne ke faɗuwa. Sai in tsinci kaina a tsakar gida ina waige-waige, ina neman abin da zan rufe, alhali ko shanyar barkono ba ni da ita. 'Ya'yana dariya suke mini. Ban ga laifinsu ba, don ba su san yadda ruwan farko yake a gidan da na tashi ba. Bari in ba ka labarin, ko ka fi su fahimta.

Mahaifinmu soja ne, ƙaramin soja mai igiya biyu. Shi da Inna duk 'yan ƙauyukan gefen Bagwai ne, amma tun da aka ɗaura musu aure ba su taɓa zama wuri ɗaya har gwandar da Inna ta shuka ta yi 'ya'ya ba. Mun zauna a barikin da ruwa ba ya ɗaukewa, tufafi su yi ta warin danshi. Mun zauna a kan dutse inda sanyi ke fasa leɓe. Ko'ina dai dogon layi ne na ɗakuna masu kama ɗaya, bango ɗaya ya raba ka da maƙwabcin da kake jin tarinsa amma ba ka jin yarensa. Inna ta koyi gaisuwa da harsuna kala-kala, ta koyi miya da manja, ta yi ƙawaye. Da zarar ta fara sakin jiki sai Baba ya shigo da rana tsaka, ya cire hula ya ce an yi musu canji. Ba ta tambayar ina. Igiya kawai take ɗaukowa.

Kayanmu sun san hanya: katifa, turmi, baƙin akwatin ƙarfe na Baba, da wani babban kwando da ba a taɓa kwancewa ba. Kwanukan jeren Inna ne a ciki, waɗanda iyayenta suka yi mata na aure, kowanne a naɗe da tsumma. Matan bariki kan tsokane ta su ce, amarya yaushe za a yi jere? Sai ta yi murmushi ta ce ba a jere a ɗakin aro.

In aka tura su aiki mai nisa, irin wanda ba a zuwa da iyali, Baba ba ya yarda ya bar mu a bariki. Gida yake kawo mu, wajen Kaka, mahaifiyarsa. Gidan babba ne, kowane ƙanen Baba da sashensa, da murhunsa, da turken awakinsa. Baba kuwa, da yake ya bar gida tun yana saurayi, ba shi da komai sai wani fili a gefen rumbuna, inda kaji ke wankan ƙasa. Don haka a ɗakin Kaka muke sauka, mu da uwarmu.

Wanda bai san kunyar suruka ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mace mai 'ya'ya uku, amma ba ta iya miƙe ƙafa yadda take so. Sai Kaka ta yi barci take kwanciya, kafin ta farka kuma ta riga ta fita. Ba ta cin abinci a gabanta, a bayan rumbu take tsugunawa ta yi loma biyu a gaggauce kamar mai cin na sata. In Baba ya samu hutu ya zo, a zaure ake masa shimfiɗa kamar baƙon da dare ya yi wa. Mata da miji sai dai gaisuwa a tsaye. Ina yarinya abin bai dame ni ba, sai da na yi aure na tuna, na ji tausayinta ya kama ni har na yi hawaye.

Kaka ba muguwa ba ce, amma bakinta akwai kaifi. Takan kalli ƙullin kayanmu a lungu ta ce, "Ku dai kullum kamar Fulani a bakin tashi." Baba ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. "Mai kakin nan" take ce masa. In ya dawo daga tafiya ya durƙusa yana gaishe ta, gefe take kallo, ta amsa a taƙaice, ta ci gaba da kaɗinta. A lokacin na ɗauka ba ta son sa.

Baba ya san halin da Inna ke ciki, kuma yana da niyya. Duk hutun da ya faɗo masa da rani, washegarin isowarsa zai tuɓe riga ya nufi kududdufi. Ya haƙo jar ƙasa, ya zuba ruwa da ƙaiƙayi, ya yi ta takawa har gwiwa, ya bar ta ta tsima. Sannan ya tsuguna ya fara buga tubali da hannu, yana mulmula kowanne ya tsuke masa kai, yana jerawa a filin nan nasa. Yatsunsa kan fito raɗau a jikin kowane tubali. Mu yara muna zagaye shi, yana nuna mana da ƙafa: nan ƙofa, nan gadon Innarku, nan za ta jera kwanukanta. Inna tana daga nesa tana tsintar wake, ta yi kamar ba ta ji, amma na sha ganin wake ɗaya ya daɗe a hannunta.

Sai dai tubali yana son rana da haƙuri, hutun soja kuwa gajere ne. Kafin ya bushe a fara ɗorawa, an kira shi. Baffa, ƙanensa da ke bi masa, ya sha cewa a bar musu su gina. Baba ya ƙi. "Gari-gari an ba ni ɗaki, ba wanda na san tubalinsa," in ji shi. "Wannan da hannuna zan ɗora. Kar wanda ya taɓa sai na dawo." Maganar babban wa ce, ba mai tsallake ta. Na daɗe ina jin haushin wannan magana, kuma ban ce na daina gaba ɗaya ba.

To, sai damina ta zo. Ruwan farko ya zagwanye kawunan tubalin, na biyu ya kwantar da su, kafin marka ta wuce filin ya koma tudun laka, rai-ɗore ya tsiro a kai. Kowa na gona yana murnar ruwa, Inna tana bakin ƙofar Kaka tana kallon ɗakinta yana narkewa. Haka aka yi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Har yaran unguwa suka sa wa wurin suna, tudun soja.

A shekarar da aka tura su wata ƙasa aikin raba faɗa, Baba ya buga tubalin da ya fi na kullum yawa, aka kuma kira shi kafin ya bushe. Wannan karon Inna ta ce ba ta yarda ba. Ginawa aka hana, ai ba a hana ajiyewa ba. Da suka bushe, ta yi gammo ta riƙa ɗaukarsu a ka zuwa ƙarƙashin rumfar da ake ajiye kara. Ta jera duwatsu, ta shimfiɗa itace a kai, ta ɗora tubalin, ta rufe da zana da wani tsohon tamfol na Baba. Duk daminar nan, ko tuwo take tuƙawa, in ta ji iska ta juya sai ta saki muciya ta ruga, mu bi ta a baya, muna danne gefen tamfol da duwatsu. Wata la'asar iska ta yaye rufin, ta tsaya a cikin ruwa riƙe da shi da hannu biyu har aka ɗauke. Ta yi kwanaki tana zazzaɓi. Kaka tana dama mata kunu tana faɗa: "Ke 'yar nan, a kan ƙasa za ki kashe kanki? Ƙasa ta ƙare a kududdufi ne?" Tubalin gefe-gefe sun lalace, amma mafi yawa sun ga kaka lafiya.

Ana ɗaure dawa labarin ya zo. Da hantsi ne, Inna na daka, sai muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Sojoji biyu ne tare da mai unguwa, suka sauke baƙin akwatin ƙarfen nan a zaure. Ba sai an yi bayani ba. Inna ta jingine taɓarya a hankali kamar mai gudun tada wani daga barci, ta zauna a ƙasa. A can aka binne Baba, ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba. Kaka ta yi salati, ta ce a kai wa baƙi ruwa. Har aka yi sadakar bakwai ban ga hawayenta ba.

Bayan sadakar ne Kawu, yayan Inna, ya shigo ya durƙusa gaban Kaka. Ina bayan ƙofa ina ji. Ya ce, "Iya, Allah ya ba mu haƙuri. Mun zo mu tafi da ita ta ƙarasa takaba a gida. Malamai sun ce a ɗakin miji ake yi, to ina ɗakin? Yara kuwa naku ne, ba za mu raba ku da su ba, sai dai na goye."

Ban kai shekarun gane komai ba, amma wannan na gane shi. Inna za ta tafi, ni da ƙanena za mu zauna. Na kuma san matan da suka tafi haka, ba su dawo ba. Na leƙa na ga Inna a lungu kusa da kwandonta, lulluɓe. Ba ta da bakin magana a gaban yayanta da surukarta.

Kaka ta dubi Kawu. Sannan ta ce, "Ɗaki yana nan. Ba a dai ɗora shi ba ne. Ku ba ni Juma'a biyu."

Ta aika aka kira Baffa, ta ce gobe a yi gayya. Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, ai ya ce kar a taɓa sai ya dawo."

"To ka ga alamar zai dawo?" in ji Kaka. Sai ta kira sunan mahaifina, sunansa na yanka, ta sake kira, kamar yana bayan katanga zai amsa. Ranar na fara jin sunan a bakinta. Ta fashe da kukan da duk gidan sai da ya ɗauka.

Washegari maza suka cika filin. Tubalin Baba bai isa ba, wani maƙwabci da ya buga nasa don ɗakin ɗansa ya ce a kwasa. Azara kuwa, Kaka ta sa aka yaye rufin ɗakin ajiyarta aka ciro. Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba, babu kiɗa, babu wasa, sai ƙarar laka in an maka ta a bango. Mai takaba ba ta fita cikin maza, don haka Inna ta aike ni wajen magini da saƙo ɗaya. Ta ce tubalin Baba a sa su a bangon da gado zai jingina, kuma in an zo yaɓe, a bar mata wani ɗan wuri daidai kan gado kar a shafe. Maginin ya kalle ni, ya kalli tubalin da ke hannunsa, ya ce to.

Kafin Juma'a ta biyu Inna ta shiga ɗakin, bango bai gama bushewa ba, sai da aka riƙa sa garwashi. Kawu ya zo ya leƙa, ya yi addu'a, ya koma shi kaɗai. A nan ta ƙarasa takaba, mu uku muna kwance a gefenta. Ranar da ta fita daga takabar, ta kwance kwandon nan. Wasu kwanukan duk sun ɓantare saboda yawan shiga mota. Ta wanke su ɗaya bayan ɗaya ta jera, daidai inda Baba ya nuna da ƙafa. Kaka ta tsaya a bakin ƙofa ta kalla, ta ce jeren ya yi kyau, ta juya da sauri.

Yanzu ƙauyen ya canza. Gidajen bulo da kwano sun cinye na ƙasa, kududdufin ma an cike shi an yi shaguna, samarin yanzu da wuya ka sami wanda ya iya buga tubali da hannu. Kaka ta daɗe da rasuwa, a hannun Inna ta cika. Ƙanena ya yi gida a birni, a unguwar Rijiyar Zaki, ya ware wa Inna ɗaki mai tayil da fanka, ya yi roƙon duniya ta dawo. Bara na raka shi muka sake gwadawa, don kowace damina sai an yi wa ɗakin nan gyara, kuma hankalinmu ba ya kwanciya. Muka same ta zaune a bakin gado. A bayanta ɗan wurin nan yana nan ba yaɓe, sawun yatsun ya yi sumul, ya yi duhu saboda yawan shafawa. Na sa hannuna a ciki, sai na tuna yanzu na girmi mai hannun.

Ta saurare mu har muka gama. Sannan ta gyara mayafinta ta ce, "Allah ya yi muku albarka. Amma ni na gama ɗaure kaya."