Injin Jirgin Tsere a Gonar Tumatur

Jama'a, assalamu alaikum. Abin da zan ba ku ɗin nan wallahi a kaina ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba, kuma ba don in tsorata kowa nake rubutawa ba, gajiya kawai na yi da riƙe shi a ciki. Yau shekara tara ke nan ko goma, lokacin ina da 'yar rumfar gyaran injin ban-ruwa a Makarfi, fetur bai zama abin da ya zama yanzu ba, ni kuma ina ji da kaina, ina ganin babu ƙarfen da zai gagare ni a duniya. Mutane suna ce min Injiniya, ni kuwa ina amsawa babu ko kunya, alhali ko sakandare ban ƙarasa ba.

Ina da wa, Yaya Haladu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni koyon aikin nan da hannunsa. Manomin rani ne a wata fadama wajen Gazara. A shekarar nan ya zuba tumatur fiye da yadda ya saba, kusan duk abin da ya mallaka yana cikin ƙasar nan, sai ga rafin ya ja baya da wuri, ruwan ya koma can ƙasa nesa da gona, ƙananan injinan da muke da su sai su yi ta kuka ruwan yana zuwa kamar fitsarin akuya. Tumatur ya fara fure, zafi ya fara shigowa, ganye yana lanƙwashewa tun kafin azahar. Ya zo rumfata ya zauna a kan benci, bai ce min komai ba sai cewa idan aka ƙara kwana goma a haka, to an gama. Ni kuma da bakina na ce masa ya kwantar da hankalinsa, zan samo masa injin da zai ɗauko ruwan ko daga ina yake.

Kwana biyu da wannan magana wani ɗan gwangwan da nake sayen tsofaffin kayan inji a wurinsa ya ce min akwai jirgin ruwa a Ikara da magada suke so a kwashe masu. Na yi dariya, na ce jirgin ruwa a Ikara, a kan wane tekun? Amma na hau babur na je.

Wallahi yana nan, a bayan wani babban gida, ƙarƙashin rumfar kwano, a kan tirelarsa da tayoyin duk sun sace sun nutse a ƙasa. Dogo ne, ya fi bas ɗin haya tsawo, ga shi siriri, hancinsa tsini, jan fentinsa ya koɗe, kaji sun mayar da kujerunsa wurin ƙwai. Duk girman nan kujera biyu ce kawai a gaba da ɗan benci a baya, sauran wurin duk na inji ne. Da na ɗaga murfin sai da na yi salati. Inji biyu ne kwance gefe da gefe, kowanne fiston takwas, ɗaya ya daskare, ɗayan kuwa da na sa sifana na juya shi sai ya juya laƙwas kamar jiya aka kashe shi.

Mai gadin wurin wani tsoho ne, Baba Dauda, shi ne direban marigayi Alhaji mai gidan tun suna Legas. Ya shimfiɗa min buhu muka zauna, muka gaisa, ya tambayi mutanen Makarfi, sannan ba tare da na tambaye shi ba ya shiga ba ni tarihin jirgin, irin na mutumin da ya daɗe bai sami mai saurare ba. Ya ce irin waɗannan jiragen ba a shago ake sayensu ba, mai kuɗi ne yake zuwa ya faɗi tsawon da yake so da gudun da yake so, a ƙera masa nasa shi kaɗai da hannu, har kujerar ma sai an auna jikinsa. Wannan wani Bature ne ya sa aka ƙera masa a ƙasarsu don tsere, ya zo da shi Legas, wata rana ya fita teku da shi, da yamma masunta suka tsinci jirgin yana yawo babu kowa a ciki. Daga nan wani attajiri a Legas ɗin ya saya, bai rufe shekara ba ya sayar wa wani ɗan kwangila a Fatakwal, shi ma ya sayar wa Alhaji, wanda ya yi aiki a tashar jiragen ruwa shekara da shekaru yana kallon irinsu suna wucewa yana sha'awa. Da ya yi ritaya sai ya ce shi fa sai ya kawo nasa gida, 'yan uwa suka yi ta magana, bai ji ba.

Sau ɗaya tak, in ji Baba Dauda, Alhaji ya saka shi a ruwa, a wani dam da ke bayan gari, mutane cike da bakin ruwa suna kallo. Bai yi minti goma ba jirgin ya zo a guje ya kafe a cikin taɓon gaɓa, aka fito da Alhaji, tun daga ranar bai ƙara ko kallon rumfar ba har ya rasu, shekara goma sha ɗaya. Sai tsohon ya tashi ya jawo wani ƙaramin akwati daga ƙarƙashin benci ya buɗe min. Hannun totur ne, wato abin ƙara wa inji wuta, guda uku a ciki, kowanne irinsa daban.

"Kowane mai shi kafin Alhaji sai da ya canza wannan," ya ce, "suna cewa shi ne yake maƙalewa. Alhaji kuwa ya gaya min a mota muna dawowa, ya ce Dauda, ba maƙalewa yake ba. Hannu ne ake ɗora maka a kan naka, mai sanyi, a tura gaba."

Na ce, "Baba, ai waya ce ko sifirin, aikinmu ne wannan."

Ya dube ni ya ce, "To ɗan nan, na dai gaya maka."

Ku ji ni da kyau, domin a nan laifina yake. Na kwance injin nan mai kyau tare da hannun totur ɗin da ke haɗe da shi, na ɗora a akori-kura na kai Makarfi, kuma ban gaya wa Yaya Haladu ko kalma ɗaya daga abin da tsohon ya faɗa ba. Na san halinsa, da ya ji zai ce a bar shi, gara tumatur ɗin ya ƙone, ni kuma ba ni da wata dabarar, ga alkawarin da na cika baki na yi. Na ce a raina surutun tsofaffi ne.

Kwana huɗu na yi ina fama, na yi masa gindi da ƙarfen walda, na haɗa shi da wani ƙaton kan famfo, na ja masa ƙaramin tiyo daga famfon don ya riƙa shan ruwan rafi yana hucewa, tunda shi ba shi da lagireto irin na mota. A rumfa na tayar da shi sau uku na ɗan lokaci, lafiya lau, sai dai ƙarar da ta sa masu shayi suka zo leƙe. Ranar da muka kai shi fadama muka jefa mesa a rafi na ba shi wuta, ruwa ya fito kamar an fasa dam, cikin awa biyu ya zagaye gonar da ake kwana uku ba a gama ba. Maƙwabta uku suka ce su ma za su riƙa kawo mai a ba su ruwa. Yaya Haladu ba mai yawan magana ba ne, ya dafa kafaɗata kawai ya ce Allah ya yi min albarka, ni kuwa har da ƙwalla.

Washegari ina tsaye kusa da shi sai na ji muryar injin tana hawa a hankali, na duba na ga hannun totur yana matsawa gaba shi kaɗai. Na mayar da shi, ya zauna, can ya sake tafiya. Na ce sifirin ne, na canza. Da la'asar ya sake yi. Sai haushi ya kama ni, na cire hannun gaba ɗaya na jefa a jakar kayan aiki, na lanƙwasa rodi na yi masa nawa, da ƙugiyar da za ta riƙe shi wuri ɗaya. Ina kan babur ina komawa gida ne abin ya faɗo min, cewa abin da mutum ukun nan suka yi shi ni ma na yi yanzu, har na ɗan tsaya a bakin hanya. Amma na gaji, ga tumatur ya fara farfaɗowa, sai na wuce.

Rana ta uku, bayan azahar, rana tsaka babu ko iska, ina can ƙarshen gona ina gyara wani tiyo da ya fashe, sai na ji injin ya canza murya. Ba hawa a hankali ba, wani irin ihu ya kama wanda ban taɓa jin ƙarfe ya yi ba, tiyon da ke hannuna ya ƙwace yana dukan ƙasa. Na juyo da gudu. Yaya Haladu ya riga ni isa, ya cire ƙugiyar ya kama rodin zai ja baya, kuma a nan ya tsaya.

Wallahi abin da idona ya gani nake faɗa. Hannunsa na dama yana kan rodin ya tura shi har ƙarshe, jikinsa ya karkata baya, hularsa ta tashi, rigarsa tana kaɗawa ta baya fal-fal kamar wanda ke tsaye a bayan mota a kan titi, alhali ganyen tumatur da ke gefen ƙafarsa ko motsi ba ya yi. Idonsa a ƙanƙance yana kallon can nesa, fuskarsa sharkaf da ruwa. Na kira shi, bai ji ba. Na kama hannun na ja da duk ƙarfina, kamar an yi masa walda da rodin, ga wani sanyi da ya ratsa ni har gwiwar hannu. Na fizge tiyon mai, injin bai tsaya ba. Na fizge wayar batir, bai tsaya ba. Ni da nake cewa babu ƙarfen da zai gagare ni, sai ga ni ina zagaya inji ina innalillahi, ban san abin da zan taɓa ba.

Malam Iro, maƙwabcin gonar, shi ya faɗa rafin ya rungumo mesar da ke zuƙo ruwa ya ɗago bakinta sama, ya ce min daga baya shi tsoro yake ji kada ruwan ya kwashe masa shuka. Bakin mesar yana rabuwa da ruwa injin ya mutu tsit, ko tari bai yi ba. Yaya Haladu ya zube a ƙasa.

Sai da muka yi masa fifita sannan ya yi magana, mutumin da iyakar ruwan da ya sani shi ne rafin nan, ya ce, "Ruwa ne ko'ina, babu gaɓa. Kuma ba ni kaɗai ba ne a ciki."

Hannun nan bai koma daidai ba har yau. Tun daga wuyan hannu zuwa yatsu ya yi fari ya tattare kamar na wanda ya wuni yana wanki, kullum a jiƙe, kullum da sanyi ko a tsakiyar bazara, idan ya ɗan sha iska sai ka ga wani farin gishiri ya fito a tsakanin yatsun. Akuyar gidansa har bin sa take tana lasa, sai da aka sayar da ita. Mun je asibiti a Zariya, an yi hoto an ce ƙashi lafiya jijiya lafiya, mun yi maganin Musulunci, an yi rubutu an yi tofi, babu abin da ya canza. Ba ya iya riƙe fartanya, da hagu yake gaisawa yana ba mutane haƙuri. Tumatur ɗin kuwa rabinsa ruwan ranar ya tumɓuke, rabin muka lallaɓa da ƙananan injina muka ɗan tsinci abin da muka tsinta.

Wata rana muna zaune a zaurensa, yana ɗaure hannun da tsumma, ya tambaye ni ba tare da ya ɗago ba, "Kai, da ka je ɗauko injin nan, ba a gaya maka komai ba?"

Na ce, "Babu abin da aka gaya min, Yaya."

Ya ɗago ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce to Allah ya kyauta, ya ci gaba da ɗaurinsa. Bai sake tayar da maganar ba, ni kuma tun daga shekarar ni nake yi masa noman, rani da damina, na rufe rumfar Makarfi. Mutane suna yaba min zumunci, ni na san abin da nake biya.

Shi kuwa injin, na kira ɗan gwangwan ɗin nan na ce ya zo ya kwashe shi ya farfasa, ya rantse min zai fasa. Shi ma ban gaya masa dalili ba, kunya ta hana ni. Bayan kamar shekara biyu muka haɗu a kasuwar Kudan, yana dariya yake ce min ai injin nan ya fi ƙarfin guduma, wasu mutanen Yawuri ne suka gan shi suka saya, sun ɗora a babban kwale-kwalen da ke kai mutane kasuwa a kan kogin Kwara, wai duk yankin babu mai gudunsa. Na tambaye shi sunansu ko lambarsu, ya ce shi ina ya sani, sun biya sun tafi. Ranar ban iya cin abinci ba.

Don haka 'yan uwa, idan tsohon da ya daɗe da abu ya ce maka ga halinsa, ko ba ka yarda ba, ka isar da maganar ga wanda zai taɓa abin, ka bar shi ya zaɓa da kansa. Idan kuma tafiya ta kai ɗayanku bakin babban kogi, ya ga kwale-kwalen da injinsa yake a ciki ba a rataye a baya ba, yana ƙara irin ta babbar mota, don Allah ya sauko da kayansa ya jira na baya. Ni duk ranar da na ji a rediyo an ce kwale-kwale ya kife, sai in kashe rediyon kafin a faɗi ko a ina ne.