Tayar da ta je Yamai

Duk direban da mota ta taɓa ƙi masa tashi a Salaga ya san Masta Wadud. Shekara talatin da biyar yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane, har baƙin mai ya zama launin hannunsa. Makaniki ne na gaske, sai dai Allah ya ɗora masa wata cuta: bakinsa bai iya cewa a'a ba.

Matarsa Lariba buri ɗaya gare ta, ta ga 'yarsu Hikmat da aure ya kai Yamai, da jikoki uku da ba ta sani ba sai a waya. Amma ƙugunta ba ya barin ta zaman awa guda a kujerar mota, ga ciwon suga ya fara cin idanunta. Likita a Yendi ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye, in akwai wanda take son gani, ta gaggauta.

Ana nan sai wasu Turawa masu yawon duniya suka yada zango a garejinsa da wata tsohuwar mota mai gado da murhu a ciki, injinta ya mutu, suka gaji da ita. Gadon Wadud ya gani ya saye ta, don Lariba ta je Yamai a kwance. Ya zana hanya da alli a bango: Bimbilla, Yendi, Bawku, Pusiga, a tsallaka Togo, a ratsa Burkina. Wata huɗu yana fama, injin ya tashi. Lariba ta daka yaji, ta ɗinka wa jikoki riguna a kintace.

To, ka san al'adar gareji. Motar da ke tsaye shagon kowa ce, a ciro kayanta a sa maka, in ka dawo ka mayar. Samed mai tiro-tiro, wato motar fasinja, shi ne ya fara, ya zo da mace tana naƙuda, fanbel ya tsinke. Wa zai hana wannan? Sai batir ya bi motar doya. Lagireto ya tafi Yendi da masu kai gawa. Kowa ya zo da rantsuwar jibi zai dawo da shi, Wadud kuma sai ya sosa ƙeya ya ɗauko sifana. Da Abdul-Rahman direban Bawku ya ari tayoyin baya, sai aka ɗora motar a kan bulo, kaji suka samu inuwa.

Damina biyu ta wuce haka. Lariba ta farke rigunan ta ƙara musu tsawo, don yara girma suke yi. A karo na biyu ta kasa sa zare a allura. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ranar da ya ga tana laluben buta alhali ga ta a gabanta, ya shiga motar haya ya tafi karɓo kayansa. A Yendi aka ce lagireton ya fashe tun bara. A Bawku, Abdul-Rahman ya tarbe shi da murna, ya gangaro masa da taya ɗaya.

"Masta, tayarka mai albarka ce. Sau shida ta je Yamai, har a ƙofar gidan Hikmat na sha ruwa."

Wadud ya ɗora tayar a motar haya. Baƙin ciki ya raka shi tun daga Bawku har gida.

Ya iso da la'asar, rana fes. Ya tarar da Lariba zaune a bakin gadon motar, inda ta saba wuni yanzu. Ya tsaya a gabanta, taku biyu tsakaninsu, ta ɗaga kai ta tambayi ko wane ne.

Ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta ce ya matso mata da tayar, tunda ita ta je Yamai. Ta shafa ta a hankali, ta ji ta suɗe sumul.

Sai ga hon a bakin titi, wani direba yana kiran Masta, wai famfon mai kawai, jibi zai dawo da shi. Wadud ya ƙanƙame sifanarsa, ya buɗe baki zai ce a'a, karo na farko a rayuwarsa.

"Je ka ba shi, Baban Hikmat," in ji Lariba, hannunta na kan tayar. "Ko mun je, me zan gani?"