Malam Mu'awiya da Tagar Raliya

Kafin mahauta su gama rataye nama a kasuwar Talata Mafara, Malam Mu'awiya ya riga ya iso daga Damri a kan tsohon babur ɗinsa, jakar kwamfuta a goye. Sai ya tsaya gaisawa da mai gadi har a tambayi lafiyar awaki, sannan ya buɗe ɗakin da yake koya wa ɗalibai amsa jarrabawa a kan kwamfuta. Ni lissafi nake koyarwa a ɗakin da ke jikin nasa. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma na rantse ba zan bari ya sulale shiru yadda ya saba ba.

Akwai wata ɗaliba, Raliya, 'yar Tsibiri, da take zaune wurin gwaggonta don shirin jarrabawar shiga jami'a. Idonta ba ya ganin ƙananan haruffa. Malam ya jona mata babban talabijin da ƙaramar kwamfutarsa mai batir, tambayoyi suka fito manya-manya. To amma wutar garinmu ba ta sallama idan za ta tafi. Da an ɗauke ta, talabijin ya mutu, kwamfuta tana nan da ranta, amma shafin tambayoyin, wanda masu sana'ar suke kira taga, sai ya maƙale can a allon da ya mutu. Ko an jawo shi, sai ya koma ya manne a gefen wancan allon. Lokacin gwajin yana tafiya, Raliya tana zaune gaban duhu, har ya ƙare ba ta amsa rabi ba.

Ranar da abin ya ishe ta, ta naɗe littattafanta ta ce, "Malam, ni Tsibiri za ni koma. Wanga abu ba nawa ba ne."

Ya ce, "Zamna, ɗiyata. Ba idonki ad da laihi ba, taga ce ta ɓata hanya. Ni ka maido ta."

Manhajar da ke tsara tagogin kyauta ce, 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suke kula da ita. Ya rubuta musu. Suka amsa cikin mutunci cewa sun gwada, da an zare wayar da ta haɗa talabijin da kwamfuta tagogi suna dawowa. Gaskiya suka faɗa. Su waya suke zarewa, mu kuwa wuta ake ɗauke mana wayar tana jone, kwamfuta ta ci gaba da zaton talabijin yana raye. Mutumin da bai taɓa zama cikin ɗaukewar wuta ba, ina zai gamu da wannan?

Ni da wayona na ce masa, "To kai ma ka riƙa zare wayar mana, ka huta."

Ya dube ni ya ce, "In ina nan ke nan. Ita da ba ta ganin bakin wayar hwa? Da wani irinta can Maradun ko Bakura da ba ni kusa da shi?"



Daga nan Malam ya duƙufa. Lokacin hutu muna shan fura, shi yana karanta cikin manhajar layi-layi, furarsa tana tsami a gefe. Dabararsa ita ce, da kwamfuta ta koma kan batir, ta tattaro tagoginta zuwa allon da ke raye. Gyaran farko da ya tura musu aka dawo masa da shi, domin yana kwashe tagogin duk wanda ya zare caja da gangan. Na zaci zai yi fushi. Dariya ya yi, ya ce sun yi gaskiya, ya sake zama. Ya mai da shi zaɓi, mai bukata ya kunna, sannan suka karɓa.

Malam Mu'awiya, kai ne ka ƙi yarda cewa matsalarmu ta yi ƙanƙanta a gyara ta. Kai ne aka ce maka a'a, ba ka zagi kowa ba, ba ka kuma saki ba. Ɗan Damri mai taurin kai a inda ya dace, wallahi ina alfahari da zama maƙwabcinka.

Ina tsaye a bakin ƙofa ranar da aka ɗauke wuta Raliya tana tsakiyar gwaji. Talabijin ya yi baƙi, taga ta faɗo kan ƙaramar kwamfutar. Yarinyar ta ƙara girman haruffa, ta matso da fuskarta, ta ci gaba da amsawa. Ko waigowa ba ta yi ba.

Mun gode, Malam, Allah Ya saka da alheri, Ya ba da hutu mai albarka. Ku kuma matasanmu masu taɓa kwamfuta, idan abu ya lalace a gabanku, kada ku ce haka aka yi shi. Ku rubuta, ku koya, ku gyara, domin ba wanda zai zo daga nesa ya ga abin da ku kaɗai kuke gani.

Raliya ta koma Tsibiri kamar yadda ta ce. Sai dai bayan jarrabawa ta koma, ta kai wa mahaifinta labarin ta ci.