Mai keke a shafin Abdulnasir

A Rijiyar Lemo an san Abdulnasir, ɗan Malam Gana mai wankin hula, da hali guda: ba ya karɓar abu sai ya juya ya ga bayansa. Tun yana firamare, in aka ce wani na kiransa a waje, sai ya leƙa ta kafar ƙyaure tukuna. Masu unguwa sun ce gado ya yi, don Malam Gana ma ko hula aka kawo masa wanki sai ya sa mai ita ya nuna masa duk inda zare ya tashi, kada gobe a ce a hannunsa ta lalace. Asalinsu mutanen Borno ne, amma kakan Abdulnasir, Malam Kyari, ya sauka Fagge tun yana saurayi, a nan ya yi aure, a nan aka binne shi. Abin da ya rage na Barbarci a gidan bai wuce gaisuwa ba, sai faɗan Iya Zara, matar marigayin, in ranta ya ɓaci.

Da Abdulnasir ya shiga kwaleji karatun kwamfuta, aboki ɗaya ya yi, Kelechi, haifaffen Sabon Gari, wanda in yana Hausa a bayan labule ba ka cewa Ibo ne. Mahaifiyarsa, Madam Monica, tana da shagon buga takardu, kuma a can su biyun suke aikin makaranta da rana, saboda akwai janareta.

A shekararsu ta biyu malaminsu ya ce kowa ya gina shafin kansa a intanet, da sunansa da ɗan tarihinsa. 'Yan ajin suka yi ta murna. Abdulnasir kuwa kwana huɗu yana juya maganar. Wa zai karanta? Me zai yi da abin da ya karanta? Da farko ya rubuta haruffan farkon sunansa kawai, Kelechi ya duba ya ce masa wannan ai shago ne ba ƙofa. Daga baya ya yarda ya sa suna, amma ban da lambar waya, ban da unguwa, ban da hoton fuskarsa. Ya bar wani ɗan akwati da mai ziyara zai iya rubuto saƙo, shi ma don malam ya ce dole ne.

Wurin da ya kamata hotonsa ya zauna ya yi fayau, sai ya tuna wani tsohon hoto a adakar Iya Zara. Malam Kyari ne a ƙofar rumfarsa, huluna jere a kan gungume, gefensa wani mutum mai gajeren hannun riga yana riƙe da keke, hannunsa na hagu a aljihu. Ya ɗauki hoton da waya ya ɗora, ya rubuta a ƙasa: Kakana Malam Kyari mai hula, Fagge, da wani abokinsa. Ya gaya wa kansa matattu ba a damfarar su.

Mako uku bayan haka saƙo ya shigo, da Turanci. Wata mata ce mai suna Adaugo, daga Umuahia. Ta ce mai keken nan mahaifinta ne, Chukwuma, ya zauna Kano yana saurayi, kuma har ya rasu yana ambaton Kyari mai hula na Fagge. Ta roƙi a ba ta lambar waya ko adireshin gidan.

Abdulnasir ya karanta sau uku, ya lura da abu guda: duk abin da matar ta faɗa game da su, Kyari da hula da Fagge, yana nan rubuce a shafin. Ba ta zo da komai nata ba sai sunan da kowa zai iya ƙirƙira. Ya nuna wa mahaifinsa. Malam Gana ya ajiye burushin da ke hannunsa ya ce haka 'yan damfara suke farawa, da zumunci, in ka saki jiki a zo da zancen asibiti. Ya ce a rufe shafin a huta.

Amma abin da ya fi cin Abdulnasir daban ne. Shafin ko a neme shi da suna ba ya fitowa da sauƙi, malam da 'yan aji kaɗai suka san da shi. To ta yaya mata a Umuahia ta gan shi? Ya bi 'yan ajin ɗaya bayan ɗaya a ransa, kullum lissafin a kan mutum guda yake tsayawa. Kelechi ne ya matsa masa ya sa suna. Kelechi ne ya ce hoton ya yi kyau, a bar shi. Ko wasa yake masa don ya ga yadda zai ruɗe, ko kuma wani abin da ya fi wasa.

Kwana biyu bai je shagon ba. A na uku ya je, ya tarar Madam Monica ta fita, ya ajiye wayar a gaban Kelechi.

"Wa ka ba wa shafina?"

Kelechi ya karanta saƙon, ya ce bai ba kowa ba. Abdulnasir ya ce to iska ce ta kai shi Umuahia ke nan. Kelechi ya ce, "Shekara biyu muna cin abinci a kwano ɗaya, Nasir. In ka ɗauke ni ɗan damfara, faɗa mini kai tsaye."

Abdulnasir bai kira shi ɗan damfara ba, bai kuma janye zargin ba. Suna nan zaune kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya Madam Monica ta dawo. Da ta ji abin da ake ciki sai ta ce a daina zargin ɗanta, ita ce. Ranar da suka bar shafin a buɗe a kwamfutar shago ta ga hoton, ta ga mai keken ya yi kama da mutanensu, ta tura wa zauren 'yan garinsu na waya ko wani zai gane shi. Daga nan ba ta san inda ya bi ba, ba ta kuma san wata Adaugo ba. Ta ce ta yi kuskure da ba ta tambaye shi ba, amma tunda a intanet ya sa, ta ɗauka don a gani ne.

Wannan ya wanke Kelechi, bai wanke Adaugo ba. Hoton da ya zaga hannu ɗari, kowa na iya ɗora masa labari. Madam Monica ce ta ce, maimakon su yi ta zato, me zai hana a tambayi mai hoton?

Iya Zara tana tsakar gida tana tsince shinkafa lokacin da Abdulnasir ya kawo mata zancen. Tana jin sunan Chukwuma ta dakata. Ta ce su Cukuma suke ce masa, gyaran keke yake yi kusa da rumfar mijinta. Shekarar da gari ya rikice, kafin yaƙin basasa, kwana tara ya yi a ɓoye a gidansu, a ɗakin da ake ajiye gungumen hula, ita take miƙa masa tuwo ta taga. Ranar ta goma Malam Kyari ya sa masa babbar riga da hula ya raka shi tasha. Tun daga nan ko wasiƙa ba su gani ba, sun ɗauka bai kai gida ba.

Abdulnasir ya ce sunan ya dace, amma ai wani tsoho a Sabon Gari zai iya gane fuskar ya faɗi sunan. Tsohuwar ta harare shi ta ce shi da ubansa ba su da magani. Sannan ta ce, "Tambaye ta me ya sa ya ɓoye hannunsa a aljihu."

Ya rubuta tambayar kamar yadda ta faɗa, bai ƙara ko gaisuwa ba. Amsa ta zo washegari da hantsi. Adaugo ta ce mahaifinta ba shi da yatsu biyu na ƙarshe a hannun hagu, injin niƙa ne ya cinye su yana yaro, kuma duk rayuwarsa in za a ɗauki hoto sai ya cusa hannun a aljihu. Da aka fassara wa Iya Zara, sai ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, ta tambaya ko ya tsufa kafin ya mutu. Aka tambayo, aka ce ya haura saba'in, ya bar 'ya'ya shida.

Malam Gana bai sauko ba duk da haka. Ya ce ko 'yarsa ce ta gaskiya, ai ba a san abin da take nema ba. Don haka Abdulnasir ya tambaye ta ƙarara. Ta ce hoton take so, mai kyau, wanda za ta wanke ta rataye, domin duk hotunan samartakar mahaifinta sun salwanta a lokacin yaƙi, ba su taɓa ganin fuskarsa yana saurayi ba. Sai kuma ta ji muryar matar da ta ciyar da shi.

Uban ya yarda da sharaɗi: ban da adireshin gida, kuma ba da wayar kowa a gidan ba. Haka aka sa Iya Zara a adaidaita ranar wata Asabar aka kai ta shagon Madam Monica, aka yi kiran bidiyo da wayar shago. Adaugo dattijuwa ce mai tabarau, ba ta jin Hausa, Iya Zara ba ta jin Turanci, Kelechi ne ya zauna tsakaninsu yana juya magana kusan awa guda. Abdulnasir yana gefe yana saka asalin hoton a injin kwafi. Da aka gama ya matsa kusa da abokinsa ya ce ya yi haƙuri. Kelechi ya ce ya ji, amma sai da aka yi kusan wata kafin ya koma tsokanarsa kamar da.

Malaminsu ya ba shafin maki mai kyau, ko da yake ya rubuta cewa launukan sun yi yawa. Yanzu Abdulnasir ya gama kwaleji, yana gina wa 'yan Kantin Kwari shafukan tallar atamfa da shadda. Adaugo takan kira wayar shagon Madam Monica ranar Sallah ta gaida Iya Zara, kuma bara ta aiko shagon da galan ɗin manja ta hannun wani direba. Malam Gana ya buɗe ya shinshina, ya ɗiga a yatsa ya lasa, ya ce a bari ya kwana biyu tukuna. Iya Zara ba ta saurare shi ba, a ranar ta yi miyar taushe da shi.