Sabon Ruwan da Ghali Ya Yi wa Kifi Mai Zarto

Ghali Haladu Bakabe ne, daga wani ƙauyen masunta da ke gefen gulbi, yamma da Argungu. Da koma da gora mahaifinsa ya ciyar da iyali, haka kuma kakansa. Sai dai shi Ghali ya taso a daidai lokacin da gulbin ya fara ja da baya. Giwan ruwan da dattawa ke ba da labari, wanda sai ƙarti sun taru suke cicciɓarsa, bai taɓa ganinsa da rai ba. Ƙashin kansa kawai ya sani, rataye a zauren kakansa, ya yi baƙi saboda hayaƙi. Da kamun kifi ya daina ciyar da gida sai ya koyi tuƙi, kuma tuƙin ne ya kai shi Doha a farkon shekarun dubu biyu.

Ko a can ma kifi bai rabu da shi ba. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, wani dattijo mai suna Abdul-Rahaman, yana da jiragen kamun kifi na katako a tashar Al Khor, kuma aikin Ghali shi ne ɗauko abin da aka kama ya kai kasuwa, ya ware na gidan maigida ya kai unguwar Ain Khaled. A unguwar Mansura yake kwana, ɗaki guda da wasu direbobi. Mutum ne mai kaffa-kaffa da aikinsa, marar yawan magana, amma akwai abu ɗaya da yake taƙama da shi ba ya ɓoyewa: ya iya raya kifi a hanya. Tun yana yaro mahaifinsa ya koya masa, da faɗa da rankwashi, cewa idan aka zuba tarwaɗa a duro za a kai ta kasuwa mai nisa, da zarar ruwan ya yi ɗumi ya gurɓace, sai a tsiyaye shi a zuba sabo mai sanyi. Bai taɓa yin asarar ko guda ba a hanyar Birnin Kabi.

A falon baƙi na maigidan akwai wasu dogayen ƙasusuwa masu haƙora dama da hagu, jere a bango. Ghali ya ɗauka makaman mutanen dā ne, har sai da ya haɗu da Manasseh, mutumin Zonkwa, wanda ke aiki a wani ɗakin binciken halittun teku. Manasseh yakan zo tasha ya auna kifaye, ya ɗebi ruwa a kwalabe. Ranar da ya ji Ghali yana zagin motarsa da Hausa, ranar suka ƙulla abota.

"Ba takobi ba ne, Malam Ghali, hanci ne," in ji Manasseh. "Hancin kifi mai zarto."

Ya yi masa bayani dalla-dalla. Kifin yana kwanciya a ƙasan ruwa marar zurfi, bakinsa da kafofin numfashinsa duk a ƙarƙashin cikinsa suke. Da zarton yake jin motsin ƙananan kifaye ko da ruwa ya yi duhu, ya kaɗa shi dama da hagu ya make su. Ba ya nasa ƙwai; haihuwa yake yi, 'ya'yan su fito da zartonsu lulluɓe da wata fata mai laushi don kada su ji wa uwa ciwo. Yana daɗewa bai balaga ba, 'ya'yansa kuma ba su da yawa. Ƙananan suna girma ne a gindin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku, ga shi kuwa ana ta cike bakin tekun ana gini. Babbar masifarsa ita ce zarton nan: duk ragar da ya gifta sai ta riƙe shi.

"Yana da wani ɗan'uwa da ke shiga koguna, har a yankinmu na Afirka ta Yamma an san shi a dā," Manasseh ya ƙara. "Amma ni dai, duk shekarun da na yi a nan, ban taɓa ganin ko ɗaya da rai ba. In ka taɓa gani, ko ina kan gadon asibiti ka taso ni."

Ghali ya tuna ƙashin da ke zauren kakansa. Maganar shiga kogi kuwa ta zauna masa a rai, don ta sa ya ji kamar kifin ɗan garinsu ne da ya yi nisan zango.

Wata Juma'a da safe, cikin zafin shekarar 2007, ya isa tasha ya tarar da masunta sun yi cincirindo a kan wani babban akwatin roba. Ya leƙa. Ɗan kifi mai zarto ne, bai kai gaba guda ba, launin ƙasa-ƙasa mai sirkin kore, kwance cikin ruwan teku yana numfashi. Sun warware shi daga raga ba tare da ya rasa haƙori ko ɗaya ba.

"A mayar da shi," in ji Ghali, da guntun Larabcinsa. Tekun na nan a bayansu, taku kaɗan.

Shugaban jirgin, wani Ba'indiye da ya tsufa a aikin, ya girgiza kai. Ya ce ai Ghali ya ga bangon maigida. Irin wannan na maigida ne, kuma shi ba zai jefa abin maigida a ruwa ba. In ana so a sake shi, a je a nemi izini.

Ghali ya ga maganar tana kan hanya. Inda ya fito ba a yanke hukunci a kan dukiyar wani a bayan idonsa. Ya kira Manasseh, wayar a kashe. Sai ya tuna ran Juma'a da safe su Manasseh suke sujada a coci. Ya sa aka ɗora masa akwatin a mota, ya rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, ya kama hanyar Doha yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da majinyaci, motoci suna ta danna masa oda.

A Ain Khaled ya tarar da Malam Auta, mai gadin gidan, Bakatsine, wanda ya fi kowa daɗewa tare da maigida, kuma ta bakinsa duk wata buƙatar ma'aikata ke shiga ciki.

"A'a, bawana Bakabe! Yau kuma wane *kihi* ka kawo wa ubangidanka?" in ji Auta, yana kwaikwayon harshen Kabi.

"Baba Auta, yau ba wasa. Zo ka gani."

Auta ya leƙa, ya ja da baya. "La'ilaha! Wannan kifi ne ko kayan aikin kafinta?"

"Don Allah ka shiga ka roƙar mini maigida. So nake a mayar da shi ruwa. Irinsu sun kusa ƙarewa a duniya."

"Yanzu? Barci yake."

"Ka tashe shi mana."

"Ka ji Bakabe! In tashi mai gida daga barci ran Juma'a saboda kifi? Kai ka shiga ka tashe shi, ga ƙofa nan."

Ghali ya dubi ƙofar. Bai taɓa tunkarar maigida da buƙata kai tsaye ba, ko a gida ma ba a yi masa tarbiyyar haka ba. Babba sai da kamun ƙafa. Ya koma gindin mota ya tsuguna.

"Bari a sauko daga masallaci," in ji Auta, muryarsa ta ɗan yi laushi. "Ya ci abinci, a kawo gahawa. Lokacin ko gidan ka roƙa sai ya ba ka."

Rana ta ɗaga. Ghali ya ja akwatin zuwa inuwar gareji, ya sa hannu a ruwan, ya ji ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Ya yi duhu, yana kumfa, yana ƙarni. Kifin ya rage motsi. Ya sake kiran Manasseh, har yanzu a kashe. Ya yi tsaki, ya zaga motar, ya dawo ya sake taɓa ruwan. A nan ne hannunsa ya tuna abin da ya iya.

Ya sani sarai ruwan teku gishiri ne. Ya sha ɗanɗana shi. Amma a ganinsa gishirin nan wahala ce da kifin teku ke haƙuri da ita don ba shi da zaɓi, kamar yadda su ma suke haƙuri da zafin Doha. Wane mai rai ne zai ƙi ruwan daɗi? Kuma ba Manasseh da bakinsa ya ce suna shiga kogi ba? Ya tsiyaye gurɓataccen ruwan a hankali, yana tallafe da cikin kifin. Ya jawo tiyon ban-ruwan fulawa, ya bar shi ya zuba har zafin tanki ya fita, sannan ya cika akwatin fal. Ya ɗauko ƙanƙarar da ta rage a mota ya jefa a kusurwa, nesa da jikin kifin. Ruwan ya yi garau, har ana ƙirga haƙoran zarton. Kifin ya zabura, ya kaɗa hanci, ya bugi bangon akwatin.

"Ka gani, Baba Auta? Ya farfaɗo!"

"To, likitan kihi, sai ka zo mu tafi masallaci."

Ya bi sallah jikinsa na sahu, hankalinsa na gareji. Da aka sauko ya so ya wuce can, Auta ya riƙe masa riga, ya ce in ya ɓace a lokacin da za a kira shi, to ya ɓata lamarin da kansa. Suka zauna a bakin falo. Baƙi suka shigo, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka kawo shinkafa, aka ci, aka wanke hannu, aka zaga da turare. Duk sanda Ghali ya muskuta, sai Auta ya harare shi. Sai da aka fara zuba gahawa sannan Auta ya gyara hula, ya shiga, ya tambayi lafiyar maigida da ta 'ya'ya da ta jikoki, ya yaba halin Ghali da riƙon amanarsa, kana ya gangaro kan kifi.

Abdul-Rahaman ya ajiye ɗan kofinsa. "Da rai? Tun yaushe yake nan?"

"Tun safe, ranka ya daɗe."

"Me ya hana ku jefa shi tun a can?" Ya waiwaya ya dubi bango. "Waɗannan na mahaifina ne, tun ina yaro suke nan. Wa ya ce muku ina neman ƙari? Yalla, a mayar da shi. Khalas, magana ta ƙare."

Ghali bai san lokacin da ya fito ba. A bakin ƙofa ya yi kiciɓis da Manasseh, wanda ya ga tarin kiran da aka yi masa, ya tambayi abokan ɗakin Ghali, ya taho a tasi da kayan sujadarsa a jiki.

"Ina yake? Malam Ghali, da gaske ne?"

"Yana nan, Oga! An ba da izini! Har ruwa na sake masa."

Manasseh ya tsaya cak. "Wane ruwa?"

Bai jira amsa ba. Ya durƙusa gaban akwatin, ya tsoma yatsa ya kai baki. Sannan ya sa hannu biyu ya taɓa kifin. Ya yi sanyi, ya sandare, zarton ya jingina da bangon roba.

"Ɗazu fa ya yi tsalle," in ji Ghali. "Na gan shi da idona."

"Ba murna yake ba." Manasseh ya cire hannunsa daga ruwan. "Jinin wannan da gishiri aka daidaita shi. Ka tsoma shi a ruwan daɗi farat ɗaya, ruwan ya dinga shiga jikinsa ba ya iya fitarwa. Ga maganin da ake zuba wa ruwan famfo, yana ƙone masa wurin numfashi. Ga ƙanƙara."

"Kai ka ce suna shiga kogi!"

"Ɗan'uwansa na ce! Shi ma a hankali yake shiga, ba da tiyo ba!" Ya dafe goshi. "Da ka bar shi a ƙazamin ruwan nan nasa, wataƙila da ya kai."

Auta ya dubi fuskar Ghali, ya koma bakin ƙofa wajen gadinsa.

Manasseh ya tafi da gawar ɗakin bincike. Aka auna ta, aka ɗauki hotuna, aka tabbatar mace ce, aka sa ta a wani dogon gilashi mai ruwan magani. Ya sha gayyatar Ghali ya zo ya gani, Ghali bai taɓa zuwa ba. Ya ce ya gaji da ganin kifaye a bango.

Daga makon nan ya sayi manyan jarkoki, kullum kafin ya bar Al Khor sai ya cika su da ruwan teku ya ɗaure a bayan mota, washegari ya zubar ya ɗebi sabo. Ya kuma bi jiragen maigida ɗaya bayan ɗaya yana faɗa wa masunta, da Larabci da hannu, cewa an ba da izini har abada: wanda ya kama, ya saki nan take. Suka riƙa gyaɗa masa kai suna murmushi, suka laƙaba masa suna Baban Zarto. Auta kuwa da ya ga ciwon ya ɗan lafa, sai ya koma halinsa.

"Bakabe, yau ma ka ɗebo wa Doha teku? Ko miya za a yi da shi?"

Ghali ya ci gaba da aikin shekara da shekaru, yana leƙa kowane akwati da aka sauke daga jirgi kafin a ɗora masa. Bakin tekun da Manasseh ya ba shi labari ya ci gaba da cika da gine-gine. Jarkokin suka koɗe saboda rana, ya sake wasu. Ba a sake kawo masa ko ɗaya ba.