Kilo Bakwai na Maman Joyce

A unguwar Rikoto ta garin Zuru ba a kiran Margaret da sunanta sai a coci, ranar da ake karanta sunayen masu shara. Maman Joyce kowa yake ce mata. Ta auri Markus tana da shekara goma sha tara, yana kofur, ta bi shi barikoki biyar: Kaduna, Makurɗi, Inugu, Ikeja da Fatakwal. Tun a lokacin ta zama mai kai saƙo. A Zuru da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa a soja, kuma wanda zai je garin da ke da bariki ba ya ɓoye tafiyarsa, ba ya kuma cewa a'a. Iyaye mata su kawo ƙunshinsu, a rubuta suna da lambar soja a jiki, matafiyi ya ɗauka. Shekara talatin da takwas Margaret tana yin haka, a bayan babbar mota, a jirgin ƙasa tun yana zuwa kan lokaci, daga baya a bas. Ba ta taɓa mayar wa kowa da ƙunshinsa ba. Ko bayan da Markus ya rasu, yana saja mai ritaya, ba ta daina ba.

Bara, cikin watan Oktoba, 'yarta Joyce, wadda ke aikin jinya a Fatakwal, ta kusa haihuwa. Ta ce uwarta ba za ta yi kwana biyu a mota da wannan ciwon gwiwa ba. Ta saya mata tikitin jirgin sama daga Abuja, irin wanda ba a yarda da akwati, sai jakar da mutum zai shiga da ita. Ta karanto mata ƙa'idar a waya: tsawo santimita hamsin da biyar, faɗi arba'in, kauri ashirin, nauyi kilo bakwai. Ta ce a nemi jakar goyo, don hannuwanta su sami kama ƙarfen matakala.

Ranar Lahadi labari ya fita. Kafin Talata ƙunshi goma sha ɗaya na jingine a ɗakin Margaret. Akwai daddawa, kuka, ƙuliƙuli, dakakken barkono. Maimuna, matar mahaucin da suke katanga ɗaya, ta kawo kilishi na ɗanta Abdullahi. Gladys, ƙawar Margaret a zumuntar mata ta coci, ta kawo dawa mudu biyu na ɗanta Godswill.

Da farko Margaret ba ta damu ba. Ta jawo koriyar jakar sojan Markus daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe ta, ta kai wa Solomon tela ya auna. Tsawon ya zarce da tafin hannu guda. Ta wuce ɗakin shan magani na coci, aka ɗora jakar a ma'aunin jarirai, ba komai cikinta: kilo biyu da giram ɗari takwas. Ta daɗe tana kallon allurar ma'aunin. Sannan ta ɗauki jakar ta rungume, ta mayar da ita inda take.

Solomon ya yanka mata tsumma uku, kowane daidai da awo ɗaya cikin ukun da Joyce ta karanto, ta ƙulle su a bakin zane ta shiga kasuwa, rumfar Muhammad Sani mai jakunkuna. Ya nuna mata mai taya, ya nuna mata baƙa mai soso a baya, irin ta masu kwamfuta, yana yabon zif da ɗinki. Ita ko zif ba ta kalla ba. Kowace jaka sai ta gwada mata tsumma uku, sannan ta rataye ta a ɗan yatsa ta rufe ido. Can ƙarshen rumfa ta hango wata ruwan hoda, da hoton zomo yana dariya.

"Mama, wannan ai ta 'yan aji uku ce," in ji Muhammad Sani.

"Joyce ba ta karanto min aji ba. Kilo ta karanto."

"Surukinki zai zo tarbarki, ya gan ki da zomo a baya."

"Ya gaishe da zomon. Aro min ma'aunin mai ƙusa."

Giram ɗari huɗu. Ta biya ba ciniki, abin da ba a taɓa jin ta yi ba.

Amma da aka ɗora ƙunshin nan goma sha ɗaya a ma'auni, sai suka tashi kilo goma sha tara. Ta kira Joyce ta ce a mayar da tikitin, za ta bi mota. Joyce ta ƙi, ta ce likita ya ce saura kwana biyar ne kawai ta haihu, kuma duniya ba za ta tashi ba don Mama ta ce a'a sau ɗaya.

"To, wa zan fara ce wa?" in ji Margaret. "Faɗa min sunanta. Duk sun goya ki."

Joyce ta bar tikitin yadda yake.

Ranar Alhamis da hantsi Margaret ta tara matan a barandar ɗakin shan magani. Ta ajiye jakar kusa da ma'auni, ta bari suka gama dariyar zomo. Sannan ta ce ba za ta bar na kowa ba, ba kuma za ta zaɓa wa kowa ba. Kowace uwa tana da rabin kilo, ita ta san abin da ɗanta ya fi kewa. Abin da ya rage, kilo ɗaya da 'yan kai, shi ne na maganinta da kayan jariri. Mata suka shiga kwance ƙulli, ana ragewa, ana ɗorawa, ana sake ragewa. Gladys kaɗai ba ta taɓa nata ba. Ta ce rabin kilo na dawa abin kunya ne, ko kaji ba za su ƙoshi ba. Wata ta ce ai ana sayar da dawa a Fatakwal. Gladys ta ce wannan daga gonar uban Godswill ce ta Dirin Daji, noman ƙarshe da ya yi kafin ya kwanta ciwo. Ta ɗaure buhunta ta miƙe za ta tafi.

Maimuna ce ta jawo bakin zanen Gladys.

"Zauna, uwar rigima. Abdullahi ɗan mahauci ne, ya ci kilishi har ya gaji. Rabin nawa ya ishe shi."

Ta zare falle biyu ta mayar a kwanonta. Mai ƙuliƙuli ta ɗebe tafi guda, mai kuka ma haka. Da aka haɗa, Gladys ta sami kilo ɗaya da kwata. Ta zuba dawar da hannunta, tana gunaguni cewa ma'aunin jarirai ba ya faɗin gaskiya, amma ta rubuta sunan Godswill da lambarsa a jikin leda.

Asabar da safe Margaret ta shiga motar Kontagora, daga can ta wuce Abuja, sanye da zane uku, ɗaya kan ɗaya, domin babu musu wuri a jaka. A Abuja ma'aunin filin jirgi ya nuna kilo shida da giram ɗari tara. Joyce ta haihu ranar Talata, namiji. Tsakanin wankan jego da dama kunu, Margaret ta raba ƙunshi goma cikin kwana tara. Godswill ne ba a samu ba, an tura shi aiki cikin ruwa, sai saura kwana biyu ta dawo ya bayyana da kakinsa. Ya buɗe ledar, ya cusa hannu cikin dawar. Da zai tafi ya durƙusa ya ce yana da ɗan saƙo na uwarsa, amma ya ji an ce yanzu sai da awo.

"Rabin kilo," in ji Margaret. "Ka kawo shi gobe kafin azahar."